A'isha Falatiya: Hukuncin Masu Suka da Hukuncin Kunnen Jama'a

Duk lokacin da mawaƙi ya fito da sabon aiki, kotu biyu ke zama a kansa. Ta farko ta masu sharhi ce da manyan sana'a masu tsaron ƙofa. Ta biyu ta jama'a ce, masu saurare a kasuwa da gona da gidan biki. Sau da yawa hukuncinsu yakan saɓa. Mu Hausawan gabashin Sudan, daga Gadarif zuwa Doka da Um Rakuba, muna da misalin wannan saɓani a cikin gidanmu, kuma ya dace mu san shi, domin ya shafi matsayinmu a ƙasar nan.

A'isha Musa Ahmad, wadda duniya ta sani da A'isha Falatiya, an haife ta a Kasala. Iyayenta sun taso daga ƙasar Sakkwato da niyyar aikin hajji, kamar kakannin da yawa daga cikinmu, sai zama ya kama su a Sudan. Mahaifinta malamin allo ne, a makarantarsa da ke Umdurman ta yi karatun Alƙur'ani. Tun tana yarinya ta fara waƙa a gidajen biki, mahaifin bai so ba, har ya aurar da ita don ta bari, amma hakan bai raba ta da waƙa ba. A ƙarshen shekarun 1930 wani kamfanin fayafayi na Masar ya ɗauki muryarta a Alƙahira. Fayafayen suka dawo Sudan, aka riƙa saka su a garmaho a shagunan shan gahawa. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu kuma ta je ta yi wa sojojin Sudan waƙa a fagen daga.

A 1942 ta zama mace ta farko da ta yi waƙa a gidan rediyon Umdurman, tare da ƙanwarta Jidawiyya mai kaɗa ud. A nan kotunan biyu suka rabu. Masu saurare suka karɓe ta hannu bibbiyu. Masu ra'ayin mazan jiya suka yi tir, wasu mawaƙa maza ma suka ƙaurace wa gidan rediyon don nuna fushi. Tsangwamar ta yi tsanani har ta yi tunanin komawa Nijeriya. Sai dai zakaran da Allah ya nufa da cara, ana muzuru ana shaho sai ya yi. Ta ci gaba da waƙa har cikin shekarun 1960, ta bar waƙoƙi fiye da 100, ta rasu a 1974.

Abin lura shi ne tuhumar da aka yi mata. Ba a kan murya ko kari aka kafa ta ba. Laifinta biyu ne: mace ce, kuma asalinta daga yamma yake. Laƙabin Falatiya kansa shaida ne, domin Fallata suna ne da ake kiran Hausawa da Fulani da Barebari da shi a dunƙule, wani lokacin da niyyar tuna musu cewa baƙi ne. Jama'a kuwa muryar suka bi, har laƙabin ya koma abin alfahari a tarihin waƙar Sudan.

Irin wannan shari'a ba ta ƙare ba, kuma ba a Sudan kaɗai ake yin ta ba. A Amurka akwai kiɗan karkara da suke kira kantiri, wanda aka daɗe ana ɗauka na fararen fata ne. A 2024 Beyoncé, baƙar fata haifaffiyar Teksas, ta fitar da kundin Cowboy Carter a wannan salo. Masu saye suka kai shi matsayi na ɗaya, ta zama baƙar mace ta farko da ta hau saman jerin kundayen kantiri na Billboard. Duk da haka ƙungiyar CMA, mai raba kyaututtukan wannan kiɗa, ba ta sanya kundin a takara ko ɗaya ba. A watan Fabrairun 2025 ya lashe kyautar Grammy ta kundin shekara. Tambayar da aka yi mata ita ce aka yi wa A'isha shekara 82 kafin nan: wa ya ba ki izinin shiga?

Wannan ba ya nufin yawan masoya shi ne ma'aunin kyau. Waƙoƙi nawa suka cika gari wata uku suka ɓace? Muna bukatar masu suka, amma masu auna baiti da kari da ma'ana, waɗanda za su iya cewa amshin nan ya yi rauni, ko kalmomin nan aro ne. Sukar da ta tsaya a kan dangin mawaƙi ko jinsinsa wariya ce kawai aka sa mata rigar ilimi.

Yau maganar ta fi nauyi. Rikicin jihar Bulu Nayil na 2022 ya nuna mana cewa har yanzu akwai masu tambayar ko mu 'yan ƙasa ne. Sannan yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya mai da ginin rediyo da talabijin na Umdurman fagen fama na kusan shekara guda, alhali nan ne ma'ajiyar tsofaffin muryoyin Sudan. Abin da muke zato yana ajiye har abada yana iya salwanta.

Saboda haka aiki biyu ke gabanmu. Na farko, mu adana namu. Waƙoƙin daka da na niƙa, na kai amarya da na yankan riɗi da dawa, suna bakin iyayenmu mata, kuma kusan kowane gida akwai wayar da za ta iya ɗaukar su, da izininsu. Na biyu, idan yaro ko yarinya daga cikinmu ya fito da waƙa, da Hausa ko da Larabci, mu saurara kafin mu yanke hukunci, mu faɗi inda ya gyara da inda ya kasa. Wanda ya san wata tsohuwar waƙa ta garinsu, ya ɗauko ta ya aiko mana a nan, tare da sunan garin da lokacin da ake yin ta.