Bayanan Ma'adinai: Ina Amfaninsu In Ba Su Kai Ƙauye Ba?

Hausawa na cewa rashin sani ya sa kaza ta kwana a kan dami. Idan muka dubi yadda ake tafiyar da bayanan da gwamnati ke tarawa game da abin da ke ƙarƙashin ƙasarmu, za mu ga rashin sanin nan har rayuka yakan ci.

Tun 1919 Turawan mulki suka kafa sashen binciken duwatsu da ma'adinai, wanda a yau ya zama hukumar NGSA, mai babban ɗakin gwaje-gwaje a Kaduna. Tsakanin 2003 da 2010 jiragen sama masu na'urori sun yi ta shawagi a sassan ƙasar nan suna aunon alamun abin da ke binne. Daga 2008 kuma, da kuɗin Bankin Duniya, ma'aikatan hukumar da takwarorinsu na Birtaniya suka bi rafuka a yankin Minna da Kudu maso Yamma suna ɗibar yashi da laka. Hikimar wannan aiki ita ce, ruwan sama yakan wanko ɓurɓushin duwatsu ya tara su a rafi, don haka idan aka gwada lakar rafi sai a gane irin sinadaran da ke ƙasar da ruwan ya ratso. Gwajin da zai nuna alamar zinariya, shi ne kuma zai nuna dalma da sauran guba.

To, amma wa ake yi wa wannan aiki? Duk lokacin da hukuma ta yi magana a kai, masu zuba jari take ambata. Ko a 2024, da Ministan Ma'adinai Dele Alake ya ƙaddamar da rumbun bayanan ma'adinai a intanet, babban abin da aka nanata shi ne jawo kamfanoni. Ba mu ce wannan laifi ne ba, domin ba kamfanin da zai zuba kuɗinsa a rami bai san abin da ke ciki ba. Sai dai mafi yawan masu haƙar ma'adinai a Arewa talakawa ne masu diga da shebur, waɗanda ba su da kwamfuta, ba su kuma jin Turancin da aka rubuta bayanan da shi.

Ba mu manta da abin da ya faru a Zamfara ba. A 2010 likitocin agaji na MSF suka lura yara na mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, kamar Dareta da 'Yargalma. Da aka bincika sai aka tarar dutsen da ake haƙowa don neman zinariya cike yake da dalma. Ana kawo shi cikin gida, ana dakawa a turmi ko a niƙa a inji, ƙurar ta bi tsakar gida inda yara ke rarrafe suna kai hannu baki. A wasu wuraren dalma ta wuce kashi 10 cikin 100 na ƙasar da aka auna. Yara aƙalla 400 suka rasu, dubbai kuma suka kamu, ga shi gubar dalma kan taɓa ƙwaƙwalwar yaro har ƙarshen rayuwarsa. A 2015 irin wannan masifa ta sake aukuwa a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja, inda yara 28 suka mutu. Iyayen nan ba wanda ya taɓa gaya musu cewa guba suke shigowa da ita gida.

An hana haƙar ma'adinai a Zamfara a 2019 saboda 'yan bindiga, aka ɗage hanin a Disambar 2024. Muddin zinariya na da tsada mutane za su haƙa, da lasisi ko babu. Saboda haka muke ganin lokaci ya yi da za a sauya manufa. A Amurka hukumar binciken ƙasa tana sakin irin waɗannan alƙaluma kyauta ga duk mai so, tunda da kuɗin jama'a aka tara su. Mu a nan sakin kaɗai ba zai wadatar ba. Wajibi ne a fitar da taswirar kowace ƙaramar hukuma mai nuna inda dalma ta yi yawa, a fassara ta cikin Hausa da sauran harsuna, a kai ta hannun hakimai da dagatai da ma'aikatan asibitocin karkara, a kuma karanta a gidajen rediyo. Mai haƙa ya san inda zai kai dutse a gwada masa, ya san kuma cewa niƙa da ruwa, nesa da gida, yana rage ƙura.

Tsarin mulki ya mallaka wa Gwamnatin Tarayya dukan ma'adinan ƙasar nan. Wanda ya riƙe dukiya kuwa, shi ne da alhakin faɗa wa jama'a haɗarin da ke tattare da ita. Rigakafi dai ya fi magani. Allah ya sa masu abin su ji.