Tumatir Baƙo Ne, Sunansa Kuwa Ya Zama Ɗan Gida

Duk wanda ya ji dillali a kasuwar Tudun Wada ta Gusau yana cinikin kwandon tumatir ba zai ce kalmar baƙuwa ce ba. Amma daga ƙasar Meziko ta taso. A harshen mutanen Aztek, "tomatil" sunan wani ɗan tsiro ne kore mai lulluɓe da ɓawo. Jan da muke miya da shi kuwa "shitomatil" suke ce masa. Da Sifaniyawa suka ci babban birninsu a 1521, sai suka kwashi irin zuwa Turai, sunan ya koma "tomate" a bakinsu. Daga nan Ingilishi ya samu nasa, Misirawa suka ce "ɗamaɗim". Ko ta bakin Bature ta iso mana ko ta bakin Balarabe, saiwar ɗaya ce.

Wasu masu kishin harshe na cewa tunda aro ce, a ƙirƙiro mana tamu, ko da "jan gauta" ne. Hujjarsu ba ta banza ba ce, domin Italiyawa sun yi haka, suka raɗa masa "pomodoro", wato tuffar zinariya. Sai dai su sun yi raɗin ne tun yana sabon zuwa, bai kama bakin kowa ba. Mu kuwa bakin alƙalami ya riga ya bushe. Manomin rani a fadamar Bungudu yana cewa tumatirina ya nuna, mai kanti yana sayar da tumatirin gwangwani, matan Tsafe suna yanka shi fale-fale su shanya a rana ya zama kauɗa saboda damina. Kalmar da ta karɓi ɗafin nahawunmu haka, har ta sauya kama ta ƙare da "r" ɗin da babu shi a Ingilishi ko Larabci, ai ta gama biyan kuɗin zama. In kuwa aro laifi ne, sai mu fara da albasa, wadda Larabci ya ba mu, kuma tukunya ɗaya suke shiga.

"Jan gauta" ɗin ma ruɗani zai kawo. Gauta da kansa yana yin ja idan ya nuna sosai, kuma kusa da tumatir ake kasa shi a kasuwa. Uwargida ta aiki yaro da wannan suna, ba mamaki ya dawo mata da abin da zai sa miyar dare ta yi ɗaci.