Hurumin Ƙaramin Gari: Abin da Ya Faru a Letchworth

Batun kimiyya na wannan mako ya shafi filin nan da ke kewaye da ƙaramin gari, watau inda gidaje suka ƙare, gonaki da makiyaya suka soma. Matafiyi yakan wuce ya ce ba kome a wurin. Masanan ƙasa da na yanayi kuwa sun daɗe da sanin cewa filin nan aiki yake yi wa gari dare da rana.

In ruwan sama ya sauka a gona, ƙasa takan shanye shi, ya tsiyaya sannu a hankali zuwa rijiyoyi da ƙoramu. In ya sauka bisa kwalta da kwanon rufi, ba shi da wurin shiga, sai ya taru a lambatu ya gangara gaba ɗaya, ya auka wa waɗanda gidajensu ke kwari. Ga kuma zancen zafi. Tun cikin 1818 wani Bature, Luke Howard, ya buga sakamakon awon da ya yi, ya nuna cewa tsakiyar Landan ta fi karkarar da ke gefenta ɗumi, musamman da dare. Dutse da bulo suna riƙe zafin rana su sake shi bayan magariba, itatuwa da ciyawa kuwa suna fid da laima ta ganyensu, iska ta yi sanyi. Ita ƙasar noma, sai an yi shekaru ɗaruruwa kafin inci guda ya taru, amma katafila ta kankare ta cikin yini ɗaya.

Wannan duka ba a gardama a kansa. Abin da ke da wuya shi ne tsare fili alhali kuɗinsa yana hawa kowace shekara. Manomin da aka taya wa gonarsa ninkin ba ninkin abin da za ta ba shi a noma, wa zai ga laifinsa in ya sallama?

Wani magatakarda mai rubuta jawaban majalisa a Landan, Ebenezer Howard, wanda sunansa ya zo ɗaya da na mai awon zafin nan, shi ya fi kowa gane inda gizo ke saƙa. Cikin littafin da ya buga a 1898 ya tsara gari na mutum 32,000 bisa eka 6,000: eka 1,000 ta gidaje da masana'antu, sauran 5,000 gonaki ne kewaye da gari, ba a gini a kansu. Bahaushe ba zai ga abin da baƙunta ba, gama ya san hurumi, ya kuma san cewa ganuwar Kano ta kewaye gonaki masu yawa, kamar yadda Barth ya tarar a 1851. Sabon abin da Howard ya kawo shi ne zancen mallaka. Ya ce ƙasar duka ta zama ta hukuma guda mai riƙe da ita amana, a riƙa ba da ita haya, kada a sayar. Dalilinsa a fili yake: taruwar jama'a ita ke sa ƙasa ta yi daraja, saboda haka ribar ta jama'a ce.

Cikin 1903 aka kafa kamfani, ya sayi wajen eka 3,800 a Letchworth, mil 35 ko kusa da haka arewa da Landan, kowace eka kimanin fam 40. Barry Parker da Raymond Unwin suka zana fasalin garin. Aka yi sharaɗi masu hannun jari ba za su ci ribar da ta wuce kashi 5 cikin 100 ba, abin da ya yi saura na gari ne. Garin ya tashi da tituna masu itatuwa, kowane gida da lambunsa, mutum ya fita da ƙafa ba da jimawa ba ya iske kansa cikin gonakin alkama.

To, a nan ne labarin ya kai wurin da ya kamata shugabannin kowane ƙaramin gari su kasa kunne. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu sai aka sassauta sharaɗin ribar nan. Da ƙofa ta buɗe, cikin 1960 waɗansu 'yan kasuwa suka sayi hannun jari har suka mallaki ragamar kamfanin, mutanen gari suka wayi gari ƙasar da suke zaune a kai tana hannun masu neman riba. Kyakkyawar niyyar waɗanda suka kafa garin ba ta hana kome ba, domin an rubuta ta ne a takardar da masu hannun jari ke da ikon sakewa. Majalisar garin ta kai kuka Majalisar Dokokin Ingila, aka zartad da doka ta musamman a 1962, aka karɓe ƙasar aka biya diyya, aka danƙa ta ga wata hukuma ta jama'a a 1963. Tun 1995 wata gidauniya ce ke riƙe da ita, eka 5,500 ke nan, kuɗin hayar da take samu kuwa ana kashe shi ga hidimar garin. Mutanen Letchworth sun ɗan haura 33,000 a ƙidayar 2011, kusan adadin da Howard ya yanka.

Akwai masu suka, kuma maganarsu tana da nauyi. Suna cewa in aka ɗaure gari da hurumi, gidaje sukan yi ƙaranci, su yi tsada, har ɗan da aka haifa a garin ya kāsa samun ɗakin da zai ajiye amarya. Wanda ya riga ya mallaki gida yana kallon gonaki ta taga ba shi ne ke biyan kuɗin wannan kallo ba. Gaskiya ne, kuma duk wanda ke kiran a tsare karkara alhali yana ƙin kowane sabon gida, to, jin daɗinsa yake tsarewa. Amma sakin fili ga duk mai kuɗi bai taɓa zama tabbacin gida mai sauƙi ga talaka ba. Mai gini yakan gina abin da ya fi kawo riba, ya tafi da ribar, ya bar wa gari lambatu da ambaliya.

Letchworth ma ba ta kuɓuta daga wannan matsi ba. Cikin 2022 hukumar gundumar ta amince da shirin da ya keɓe wuri domin gidaje 900 a arewacin garin, bisa gonakin da a dā ke cikin hurumi, kuma mutane da dama sun yi ƙorafi. Ana iya yin gardama ko wurin ya dace, ko adadin ya yi yawa. Sai dai gonakin na gidauniyar garin ne, masu gardamar suna da wanda za su tuhuma a cikin garinsu, kuma abin da ya fito daga ƙasar zai shiga asusun da ke yi wa Letchworth hidima.