Wasiƙa a buɗe ga malaman da ke koyar da darasin ƙaura da fim



Malamin da zai koyar da ƙaura a yau, hannunsa kan fara kai wa ga Io Capitano, fim ɗin Matteo Garrone na 2023. Seydou da Moussa sun baro Dakar, sun bi ta Agadas, sun sha azabar hamada da gidajen kason Libiya, har Seydou ya tuƙa jirgin ruwa zuwa gaɓar Italiya. Aji kan yi tsit. Sai dai ɗalibin da ya ga wannan kaɗai zai ɗauka duk wanda ya ɗaure kaya Turai ya nufa, alhali yawancin masu ƙaura a Afirka ta Yamma ba sa fita daga yankin.

Shi ya sa ya fi kyau malami ya fara da Jaguar na Jean Rouch, wanda aka ɗauka a shekarun 1950, aka fitar a 1967. Samari uku 'yan Nijar, Damouré da Lam da Illo, suka tafi cin rani ƙasar da ake kira Ghana yanzu, suka nemi na kansu a Ankara, suka kafa tebur a kasuwar Kumasi, sannan suka koma gida da tsaraba. An ɗauki hoton ba sauti; daga baya 'yan wasan suka zauna suna kallon kansu, suna ba da labari, suna zolayar juna. Nan ne wurin tsayar da fim a tambayi aji: wa ke riƙe da kyamara, muryar wa ake ji? Ɗan Maraɗi ko ɗan zangon Kumasi zai iya tuno kakansa a cikin waɗannan samari.

Mata kuwa, kada a bar su a baya. A La Noire de… na Ousmane Sembène, 1966, Diouana ta bi iyayen gidanta zuwa Antibes a Faransa da zaton rainon yara za ta yi, ta tarar da wanke-wanke da girki da kaɗaici tsakanin bango huɗu. Fim ɗin bai wuce kimanin awa guda ba, ana gama shi a zama ɗaya, amma lallai malami ya gargaɗi ɗalibai tun farko, domin Diouana ta kashe kanta a ƙarshe.

Atlantique na Mati Diop, wanda ya ci Grand Prix a Cannes a 2019, ya tsaya ne a Dakar tare da 'yan matan da samarinsu suka shiga teku saboda an hana su albashin aikin gini. Shi ya dace da makon ƙarshe, lokacin da za a tattauna halin waɗanda aka bari a gida.