Mutumin da ke kama wayar wuta daga jirgi: ina haɗarin yake?



Da yawanmu mun ga bidiyon nan da ke yawo a Facebook. Jirgi mai saukar ungulu ya tsaya cak a sama dab da babbar wayar wuta a Amurka, ma'aikaci na zaune a gefensa, ya miƙa sandar ƙarfe, tartsatsi ya tashi, sannan ya kama wayar da hannunsa. Ba a kashe wutar ba, kuma ƙarfinta kan kai bolt 500,000, alhali ta gidajenmu 230 ce kacal. Sai mu yi ta sharhi: wannan ai ya sayar da ransa!

A ganinmu mun ɗora tsoron inda bai fi yawa ba. Wuta tana kisa ne idan ta samu hanyar ratsa jikin mutum zuwa ƙasa ko zuwa wata wayar, shi ya sa tsuntsu ke sauka kan waya ya tashi lafiya. Jirgin da ke shawagi bai taɓa ƙasa ba, shi ma tsuntsu ne. Sandar nan aikinta ta daidaita ƙarfin wutar jirgin da na wayar kafin hannu ya kai. Kayan jikin ma'aikacin kuwa, har safa da safar hannu, an saƙa su da zaren ƙarfe, wutar sai ta bi ta kansu ta kewaye shi. Tun 1836 Michael Faraday ya gwada wannan dabarar a Ingila. Wannan ɓangaren lissafi ne, kuma an iya shi.

Abin da lissafi bai gama da shi ba shi ne jirgin. Farfela tana juyawa kusa da waya, iska na iya kaɗowa ba sallama, kuma a wannan tsayin idan inji ya mutu matuƙi ba shi da sararin da zai lallaɓo da jirgin ƙasa. Gocewa kaɗan ta isa. (Mai niyyar saka wannan a labarinsa, hannun matuƙi ya kamata ya bi da alƙalami, ba tartsatsin ba.)

To a daina aikin ke nan? Ba ma goyon bayan haka. Kashe irin wannan layin na iya jefa garuruwa cikin duhu har da asibitocinsu, wasu turakun kuma suna kan duwatsu ko cikin fadamar da mota ba ta shiga. Sharaɗinmu ɗaya ne: matuƙi da ma'aikaci kowannensu ya samu ikon cewa yau ba za a tashi ba, ba tare da an zaftare masa albashi ko an kira shi matsoraci ba. Wanda ke ofis yana duban ranar ƙarewar kwangila, su kuwa su ne ke jin yadda iskar take a saman turke.