Raket Ɗin Sauro Ba Ya Gadin Mai Barci

Da zarar damina ta kankama, sai kasuwar raket ɗin kashe sauro ta buɗe. Ina cikin masu yaba wannan na'ura, domin ba ta hayaƙi, ba ta wari, kuma ba ta tayar wa mai asma ciwonsa. Ragar ƙarfe uku gare ta, ta tsakiya ce ke ɗauke da lantarki mai ƙarfin bolt dubbai, amma kaɗan ne ke gudana. Shi ya sa take babbake sauro, mutum kuwa sai dai ta fizge shi.

Sai dai ina jan hankalin mai karatu kan abu biyu. Na farko, tartsatsin da take yi wuta ce. Kada a kunna ta kusa da jarkar fetur, ko tukunyar gas, ko ɗakin da aka gama fesa maganin sauro. A kuma ajiye ta inda hannun yara ba ya kaiwa.

Na biyu ya fi nauyi. Macen sauron Anofilis, mai yaɗa zazzaɓin cizon sauro, cikin dare take farauta, lokacin da mai raket ya yi barci. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da cutar a duniya suna Nijeriya, kuma yara 'yan ƙasa da shekara 5 ta fi kashewa.

Don haka a yi sintiri da raket bayan magariba, amma a kwana cikin gidan sauro mai magani, a kuma yashe kwatami. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.