Madatsar Zobe da sana'ar alƙalami: tsakanin talla da gaskiya

A 1983 aka kammala gina madatsar ruwa ta Zobe a kan kogin Karaduwa, kusa da Dutsin-Ma. Sai a watan Yulin 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin samar da ruwan sha daga cikinta. Shekaru 38 ke nan, gwamnatoci na zuwa suna wucewa da alƙawarin ruwa da noman rani, kowace kuma da marubutan da suka tallata alƙawarin.

A da, wannan aiki na jami'an yaɗa labarai ne da gidajen rediyo. A yau ya koma hannun matasa masu rubutu a Facebook da X da WhatsApp, waɗanda 'yan siyasa da 'yan kasuwa ke ɗauka su tsara musu saƙo. A garin da ke da Jami'ar Tarayya tun 2011, da Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, masu iya rubutu ba su yi kaɗan ba, aikin yi kuwa ya yi ƙaranci. Sana'a ce halattacciya, amma tana da tarko.

Jarin marubuci shi ne amincewar mai karatu. Manomin Kurfi da aka ce masa ruwa ya iso ba ya buƙatar kowa ya fassara masa. Famfo da gona za su ba shi amsa. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma idan asiri ya tonu, sunan wanda ya rubuta ne ke zubewa, mai biyan kuɗin ya nemi wani.

Doka ma ta shigo. Tun 2022 hukumar ARCON ke da ikon tantance tallace-tallace, har da na intanet. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 kuwa ta ba marubuci damar neman takardun kwangila daga hukumomin tarayya kafin ya yabi wani aiki.

Yayin da zaɓen 2027 ke ƙaratowa, kasuwar irin wannan rubutu za ta buɗe. Wanda zai daɗe a cikinta shi ne mai bayyana wa jama'a cewa biyansa aka yi, mai kawo adadi da kwanan wata, mai zuwa Zobe ya gani da idonsa kafin ya rubuta.